Ɗan majalisar da likita ya ce ba zai kai shekara ba: Kennedy da hular ƙodarsa

A watan Satumban 1947 wani matashin ɗan Majalisar Wakilan Amurka, mai shekara 30, ya sauka a Landan bayan ya kai wa ƙanwarsa ziyara a ƙasar Ailan. Bai daɗe a masauki ba jiki ya ƙi. Tashin zuciya, kasalar da ko ɗaga kai sai da ƙyar, jini kuma ya yi ƙasa sosai. Aka kwashe shi zuwa asibitin London Clinic. Likitan da ya duba shi, Daniel Davis, ya gane ciwon, ya kuma gaya wa Pamela Churchill, wata abokiyar arzikin gidansu, cewa Ba'amurken nan da wuya ya ƙara shekara guda a duniya. A jirgin ruwan Queen Mary aka mai da shi gida a kwance. Da jirgin ya isa Niyok sai da limamin Katolika ya shiga ya yi masa addu'ar da suke yi wa wanda ke gargara, sannan aka sauko da shi.

Sunansa John F. Kennedy. Bayan shekara 13 da 'yan watanni aka rantsar da shi shugaban Amurka.

'Yan jarida kuwa aka ce musu zazzaɓin cizon sauro ne da ya kwaso a yaƙin tekun Fasifik ya tashi masa. Bayanin ya shiga kunne, domin ya taɓa yin zazzaɓin da gaske, kuma maganin da ake ba sojoji a lokacin yana mai da fata rawaya. Da ma kowa ya saba ganinsa a rame, ƙashin wuya a waje, fata wani iri. A watan Yunin 1946, lokacin yaƙin neman zaɓe, ya taɓa yanke jiki ya faɗi bayan doguwar tafiyar ƙafa a wani fareti a Boston. Sai dai abin da ke cinsa ba sauro ba ne. Wasu 'yan ƙullutan nama biyu ne a cikinsa suke mutuwa a hankali, kowanne nauyinsa bai wuce giram huɗu zuwa biyar ba.

Ƙullutan suna zaune ne ɗaya a kan kowace ƙoda, kamar an kafa mata hula. Likitoci suna kiran su adirinal. A nan zan ce musu hular ƙoda. Suna cikin jerin sassan jiki da ake kira giland, waɗanda aikinsu shi ne haɗa wani sinadari su zuba shi kai tsaye cikin jini. Sinadarin shi ne homon, sunan da wani masanin Ingila, Ernest Starling, ya fara amfani da shi a 1905.

Jiki yana da hanyar aika saƙo iri biyu. Ta jijiya kamar kiran waya ce: daga nan zuwa can, nan take, mutum ɗaya ake nema. Ta homon kuwa kamar cigiya ce a gidan rediyo. Jini ya ɗauke ta ya zaga da ita ko'ina, kowace gaɓa ta ji, amma sai wadda ke da makarɓin wannan saƙon ce za ta motsa. Tayirod da ke gaban wuya, wadda idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo, ita ke tsara saurin da jiki ke ƙona abinci. Fankiriyas na fitar da insulin don sukari ya shiga tsoka. 'Ya'yan maraina da ma'ajiyar ƙwan mace suna riƙe da balaga da haihuwa. Hular ƙoda ita ce ta ranar wuya.

Ɓargonta na ciki yana fitar da adirenalin, wanda ke sa gaba ya faɗi zuciya ta yi ta bugawa idan mutum ya yi kiciɓis da maciji. Wannan ko an rasa shi ana rayuwa. Ɓawonta na waje shi ne ba a yi sai da shi. Daga nan ake samun aldostiron, mai umartar ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa ta zubar da fotashiyam, ta haka jini ke tsayawa da ƙarfinsa. Daga nan kuma ake samun kotisol, wanda ke sa hanta ta saki sukari idan ciki ba komai, ya taimaki jijiyoyin jini su matse, ya kuma ja wa garkuwar jiki linzami kada ta wuce gona da iri. Kotisol yana da lokaci. Yakan yi ƙasa sosai da tsakar dare, ya fara hawa kafin asuba, ya kai ƙololuwa da sassafe. Wanda ya tashi sallar asuba ya miƙe tsaye ba tare da jiri ya kwashe shi ba, bayan awa takwas bai sa komai a baki ba, kotisol na cikin abubuwan da suka tallafe shi. Idan kuma zazzaɓi mai zafi ya zo, ko rauni, ko tiyata, hular ƙoda takan ninka abin da take fitarwa sau da yawa ba tare da mai jikin ya sani ba.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne hular ƙoda ba ta yin gaban kanta. A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani yanki, haifotalamus, mai sa ido kan halin da jiki ke ciki. Shi ke aika ɗan saƙo zuwa ga fituwitari, wani giland mai girman ƙwayar wake da ke rataye a ƙarƙashinsa. Fituwitari ya saki homon ɗin da ake kira ACTH cikin jini, ACTH ya gangara har kan ƙoda ya ce a fitar da kotisol. Kotisol ɗin da ya fita shi ne kuma zai zagayo ya isa ƙwaƙwalwa, ganinsa ya sa a rage aike. Sarki ya faɗa wa waziri, waziri ya tura jakada wurin hakimi, haraji ya iso fada, aka daina tura jakada. Haka abin ke juyawa dare da rana, kuma haka tayirod da gilandan haihuwa suke aiki da fituwitari, kowanne da nasa jakadan.

To, idan hakimin ya mutu fa, fada ba ta sani ba?

Wannan shi ne ciwon Kennedy. Kotisol bai iso ba, sai fituwitari ya ɗauka ba a ji kiransa ba ne, ya yi ta ƙara ACTH, yau fiye da jiya. Shi kuma ACTH tushensa ɗaya da homon ɗin da ke sa fata ta yi duhu, kuma idan ya yi yawa shi da kansa yakan taɓa ƙwayoyin launin fata. Sai mara lafiya ya yi ta yin baƙi: gwiwar hannu, gaɓoɓin yatsu, layukan tafin hannu, tsohon tabo, dasashi. A jikin Bature abin yakan fito kamar wanda ya sha rana a bakin teku, wanda a wurinsu alamar hutu ce da ƙoshin lafiya. Masu kallon Kennedy a talabijin suna yaba wannan launi nasa. Wani ɓangare na launin ihun fituwitari ne da ba a amsa ba.

Likitan da ya fara bayyana ciwon, Thomas Addison na asibitin Guy's a Landan, ya wallafa bayanin marasa lafiya 11 a 1855, kuma da sunansa ake kiran ciwon har yau. A shekarar da ta biyo baya wani masanin aikin jiki, Brown-Séquard, ya cire wa dabbobi hular ƙoda ya ga ba sa daɗewa suke mutuwa. Kusan shekara 80 bayan nan likita ba shi da abin yi wa mai ciwon Addison illa ya gane shi ya jira. Alamomin ba sa fitowa sosai sai kusan kashi 90 cikin 100 na ɓawon ya lalace, shi ya sa mutum kan yi shekaru yana rama, yana kwaɗayin gishiri, yana fama da ciki, ana ta canza masa magani. Rannan sai wata 'yar mura ko gudawa ta zo, jiki ya nemi ƙarin kotisol babu, gishiri ya zube, sukari ya faɗi, jini ya sauka, mutum ya tafi.

Kennedy ya yi sa'ar zamani. Da an haife shi shekara 20 kafin 1917, da maganar likitan Landan ta tabbata. A 1937 Tadeus Reichstein da abokin aikinsa suka haɗa wani sinadari a Suwizalan da ake taƙaita sunansa DOCA, mai yin aikin riƙe gishiri. Shi aka fara ba shi. Akan ɗan tsaga fata a cusa ƙwayar maganin a ƙarƙashinta, ta yi ta narkewa a hankali na wasu watanni, sannan a sake wata. Wannan ya toshe ƙofa ɗaya, amma ta kotisol tana buɗe. Sai a watan Satumban 1948 wani likita, Philip Hench, ya gwada kotizon, maganin da ke yin aikin kotisol, a kan wata mai ciwon gaɓoɓi a asibitin Mayo na Amurka, matar da ba ta iya tashi ta miƙe ta yi tafiya cikin 'yan kwanaki. A 1950 aka ba Hench da Edward Kendall da Reichstein kyautar Nobel. Ba a jima ba kotizon ya zama ƙwayar da ake haɗiya, Kennedy ya shiga shan ta kullum. Ya yi ƙiba, ƙarfi ya dawo, ya ci kujerar sanata a 1952.

Amma tsugune ba ta ƙare ba, domin ƙwaya ba ta da kunne. Hular ƙoda mai rai tana jin abin da ke faruwa ta ƙara ko ta rage a cikin mintoci. Ƙwayar da aka haɗiya da safe adadinta ɗaya ne, ko ranar ta zo da daɗi ko ta zo da bala'i. A ƙarshen 1951, yana rangadin ƙasashen Asiya tare da ƙanensa Robert, ciwon ya kayar da shi a Japan. Aka garzaya da shi asibitin sojojin Amurka a Okinawa, zafin jikinsa ya haura digiri 41, waɗanda ke kansa suka fara fid da rai. Ya tashi.

Babbar jarrabawar ita ce ta 1954. Ciwon baya ya matsa masa har sai da sandunan guragu yake tafiya, hawa matakala ya zama aiki. Wasu likitocinsa suka ce kada a yi tiyata, domin yanka jikin mai ciwon Addison a wancan lokaci kusan sayen mutuwa ne: tiyata ita ce irin ranar da jiki ke neman kotisol ninkin-ba-ninkin. Shi kuma ya ce gara ya mutu da ya ƙare rayuwa a kan sanduna. Ranar 21 ga Oktoba aka yi aikin a Niyok, aka sa masa ƙarfe a ƙashin baya, ana ta ɗura masa magani ta jijiya kafin aikin da lokacinsa da bayansa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: ƙwayoyin cuta suka shiga mafitsara, ya faɗa doguwar suma, aka sake kiran limami. A nan aka ga ɗaya fuskar maganin. Kotizon da ke riƙe jininsa shi ne kuma ke danne garkuwar jikinsa, rauni ya ƙi warkewa, sai da aka sake buɗe shi a watan Fabrairun 1955 aka cire ƙarfen. Likitocin suka ga abin ya isa a rubuta. A ƙarshen 1955 wata mujallar likitocin tiyata ta Amurka ta buga labarin wani mutum mai shekara 37, mai ciwon Addison na shekara bakwai, da aka yi wa aikin baya a wannan rana a wannan asibiti. Ba a sa suna ba. Duk mai lissafi ya san ko wane ne.

A watan Yulin 1960, ana dab da taron fid da ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyarsa a Los Anjalis, mutanen abokin hamayyarsa Lyndon Johnson, wato John Connally da India Edwards, suka fito fili suka ce Kennedy na da ciwon Addison. Robert ya mayar da martani cewa ɗan'uwansa bai taɓa yin ciwon da aka sani a asali da wannan suna ba, wanda tarin fuka ke haddasawa ta hanyar cinye hular ƙoda. Dubi wayon: lallai Kennedy ba tarin fuka ne ya ci tasa ba. Da yawa daga marasa lafiyar Addison na 1855 tarin fuka ne sanadinsu, to sai aka laɓe a bayan wannan. Maganar ba ƙarya ce tsagwaronta ba, kuma ba a yi ta don a gane gaskiya ba. Aka ci zaɓe.

Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kai ziyara Washinton a watan Yulin 1961, kuma hotunansa da Kennedy suna nan. Wanda ya kwatanta fuskar mai masaukin da ta ɗan majalisar 1947 zai ga ta cika ta yi zagaye. Ba duka ne cin daɗin mulki ba; aikin magani ne. Takardun asibitinsa, da aka buɗe wa masanin tarihi Robert Dallek a 2002, sun nuna abin da yake sha a fadar shugaban ƙasa: haidurokotizon da furednizon a madadin kotisol, fuludurokotizon a madadin aldostiron, homon ɗin tayirod domin ita ma ta yi sanyi, da homon ɗin maza. Wato giland biyu ne suka gaza, ba ɗaya ba.

Me ya kashe hular ƙodar tasa? Dallek ya karkata ga cewa tun yana saurayi aka riƙa ba shi irin waɗannan magunguna saboda ciwon hanji, su suka kwantar da ita. Wani likitan sojan ruwa, Lee Mandel, ya bi takardun ya wallafa nasa nazarin a 2009, ya ce garkuwar jikinsa ce ta juya ta afka wa gilandansa, hular ƙoda da tayirod tare. Ni na fi gamsuwa da na biyun. Wanda magani ya kwantar wa da hular ƙoda ba ya yin duhu, domin fituwitarinsa shiru yake yi, ba ihu ba; kuma galibi ba ya rasa aldostiron, domin wannan ƙoda ce ke ba da umarninsa, ba fituwitari ba. Ga kuma shaidar gida: ƙanwarsa Eunice ta yi ciwon Addison, ɗansa John ya yi ciwon tayirod irin na garkuwar jiki. A ƙasashen masu arziki yau wannan ce babbar hanyar kamuwa da ciwon.

A wajenmu lissafin ya bambanta ta fuska biyu. Tarin fuka bai tafi ko'ina ba, kuma har yanzu yana cikin manyan abubuwan da ke cinye hular ƙoda a Afirka. Sannan duhun fata, wanda shi ke fara jan hankalin likita a jikin Bature, ba ya saurin bayyana a jikin baƙar fata sai an buɗe baki an duba dasashi da harshe, an buɗe tafin hannu an duba layukansa. Mutum na rama, yana amai, yana jin jiri, sai a ce taifot ne, a ce olsa ce, a ce maleriya, kamar dai yadda aka ce wa 'yan jaridar Amurka.

Amma abin da ya fi kusa da mu shi ne zaton Dallek, ko da bai dace da Kennedy ba. Ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda 'yan mata ke saye a kemis ko a tiren mai talla gabanin biki, sau da yawa akwai dekzametazon a ciki, ɗan'uwan kotizon ne da ya fi kotisol ƙarfi kusan sau 25. 'Yar ƙwaya biyu masu rabin miligiram sun zarce abin da jikin babban mutum ke haɗawa a yini. Wasu mayukan bilicin ma suna ɗauke da kulobetasol, shi ma dangin kotizon ne, wanda ke ratsa fata ya shiga jini idan ana laftawa a jiki duka wata da watanni. Ƙwaƙwalwa ba ta bambance na kemis da na gida. Ta ga haraji ya cika fada, sai ta daina tura jakada. Hular ƙodar da ba a kira ba ta yi ta ƙanƙancewa. A waje kuwa ana ganin kumatu sun ciko ana sambarka, alhali tumbi ne ke fitowa, ƙafafu na sirancewa, tozo na tasowa a bayan wuya, nankarwa mai faɗi na tsaga cinya, sukari da hawan jini na biyo baya.

Haɗarin ya fi girma ranar da aka daina. Wadda ta sha fiye da mako uku ko huɗu, ta ji wa'azi ko kuɗi suka ƙare ta yar da ƙwayar rana ɗaya, ta mai da kanta inda Kennedy yake a otal ɗin Landan: babu na waje, na ciki kuma yana barci, kuma farkawarsa kan ɗauki watanni, wani lokaci har shekara. Shi ya sa likita ke rage irin wannan magani kaɗan-kaɗan. Idan kuma aka kawo mutum a galabaice, yana amai, jini ya faɗi, abin da ke ceton rai shi ne allurar haidurokotizon miligiram 100 nan take da ƙarin ruwan gishiri, kuma ba a jiran sakamakon gwaji. Sai dai likita ba zai yi tunanin haka ba idan 'yan rakiya suka ɓoye abin da ake sha ko ake shafawa don kunya.

Mai ciwon Addison na gaskiya a yau yakan sha haidurokotizon miligiram 15 zuwa 25 a yini, a raba biyu ko uku, kaso mafi tsoka da sassafe don a kwaikwayi hawan asuba. Ana koya masa ya ninka idan zazzaɓi ya kama shi, ya nemi allura idan amai ya hana ƙwaya zama, ya kuma zauna da likitansa kafin azumin Ramadan. Aikin da giland ke yi ba tare da an sani ba ya koma hannun mai jikin, sai ya riƙa yi da agogo da lura.

An harbe Kennedy a Dalas ranar 22 ga Nuwamban 1963, yana da shekara 46, shekara 16 bayan hukuncin likitan Landan. Rahoton binciken gawarsa da aka fitar bai ce uffan kan hular ƙoda ba. Sai a 1992 likitocin da suka halarci binciken suka buɗe baki a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka: sun duba kan ƙodojin biyu ba su ga giland ba. Da aka yanka kitsen wurin aka sa a madubin likita, 'yan ƙwayoyi kaɗan aka samu a warwatse. Eunice, mai ciwo iri ɗaya da nasa, ta haifi 'ya'ya biyar, ta kafa gasar Olamfik ta musamman ta masu naƙasar ƙwaƙwalwa a 1968, ta rasu a watan Agustan 2009 tana da shekara 88.